Sutura, jaraba da kallo: tambayoyin da matasan Katolika ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa a taron matasa da ajin katikizim da kuma hirar bakin coci bayan an tashi Mas, wasu a fili ake yinsu wasu kuma sai an ja mutum gefe an rage murya. Na haɗa su wuri ɗaya. Ba su maye gurbin zama da Fada ba, musamman in maganar ta shafi lamirin mutum shi kaɗai.

Wai akwai dokar Coci da ta faɗi tsawon siket ko irin rigar da za a saka?

Babu wata doka ta Ikilisiya gaba ɗaya da ta zo da tef ɗin tela tana auna inci. Abin da ke akwai shi ne koyarwa, kuma tana cikin Katikizim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, da aka fitar a 1992 zamanin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, daga lamba 2521 zuwa 2524, ƙarƙashin doka ta tara cikin Dokoki Goma. Abin da wurin ke cewa a taƙaice: akwai wani sashe na mutum da yake sirrinsa ne, ba na kasuwa ba, kuma kunya ita ke tsare shi, ita ke hana a buɗe abin da ya kamata ya zauna a rufe. Ta shafi tufafi, eh, amma ta shafi kallo da magana da tafiya da irin tambayoyin da kake wa mutane ma. Lamba 2524 kuma ta faɗa ƙarara cewa yadda ake nuna kunya ya bambanta daga wata al'ada zuwa wata, shi yasa abin da ba zai ɗaga ido a Legas ba zai iya ɗagawa a Zariya ko Maraɗi, kuma mai hankali yana duba inda yake.

Amma fa wuri yana da ikon sa nasa tsarin. Ko a Roma in za ka shiga babban cocin Waliyi Bitrus sai kafaɗa da gwiwa suna rufe, namiji ko mace, baƙo ko ɗan gari, in ba haka ba masu gadi su dawo da kai daga ƙofa. To in faris ɗinku, wato cocin yankinku, ya manna sanarwa kan shigar Mas, ku bi kawai, ba abin rigima ba ne.

Ɗankwali fa? Dole ne mace ta rufe kai a coci?

Tsohuwar dokar Ikilisiya ta 1917 ta ce mata su rufe kai, maza kuma su buɗe nasu. Sabuwar ta 1983 ba ta ɗauko wannan ba, dan haka a yau ba zunubi ba ne mace ta shiga Mas kai a buɗe. Sai dai a nan ƙasarmu al'adar ta zauna daram, iyayenmu na Zumuntar Mata ba za su gane miki ba, kuma a gaskiya al'ada ce mai kyau wadda ba ta cin kuɗi. Ni dai shawarata 'yar'uwa ki ɗaura abinki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsaya a ƙofa a ci mutuncin yarinya a gaban jama'a har ta juya gida ba ta ji Mas ba saboda ta manta gyale, alhali jakar Mama tana da biyu a ciki. A miƙa mata ɗaya, shikenan magana ta ƙare.

Wando ga mace zunubi ne?

A'a. Akwai wando mai mutunci, akwai zani da atamfa da aka ɗinka ta yadda gara ma wandon. Ɗinkin ake dubawa da niyyar mai sakawa.

In namiji ya kalli mace ya yi sha'awa, laifin wa? Ba shigarta ce ta ja ba?

Nan ne nake so maza mu zauna da kyau, dan kullum wa'azin sutura kan mata yake sauka kamar mu ba mu da ido. A Matiyu 5:28 da Yesu ya yi maganar zina a zuci, mai kallon ya kama, bai tambayi me matar ta saka ba. A aya ta gaba kuma idon mai kallon ya ce a ƙwaƙule. Ku duba Dauda a 2 Sama'ila 11, lokacin da sarakuna ke fita yaƙi shi ya zauna gida, ya tashi daga gado da yamma yana yawo a saman soro, ya hango Batsheba tana wanka. Hangowar farko ba ita ce matsalar ba, matsalar ita ce ya tsaya, ya aika a bincika wace ce, ya aika a kawo ta, ƙarshe har da jinin mijinta Uriya a hannunsa. Da annabi Natan ya zo, a kan Dauda ya ɗora laifin.

Akwai kuma labarin Suzana a Daniyel sura 13, wanda yake cikin Littafi Mai Tsarki namu na Katolika. Mace mai tsoron Allah, a lambun mijinta, ƙofa a kulle, amma dattawa biyu alƙalai suka ɓuya suna leƙenta, kuma littafin ya ce su suka karkatar da zuciyarsu suka kau da idonsu daga sama. Duk wanda ke cewa ai da ta rufe jiki da ba a taɓa ta ba, ya je ya karanta wannan surar. Wadda aka ci zarafinta ba ta da laifi, ko me ta saka.

Yanzu ɗaya gefen. Wannan bai ba kowa lasisin cewa jikina ne in saka abin da na ga dama ba. Katikizim yana da koyarwa kan zama sanadin tuntuɓe, daga lamba 2284, wato ka yi abu da zai ja wani ya faɗi. Wadda ta tsaya gaban madubi ta shirya musamman dan ta tayar wa mutane hankali ta san abin da ta yi, haka saurayin da ya zazzago wando rabin ɗuwawu a waje ko ya buɗe maɓallan riga har cibiya ya zo ya zauna a benci na gaba. Kowa da nasa kayan, ita da niyyarta, kai da idonka, kuma nata ba ya sauke maka naka.

To kwalliya fa, kitso, janbaki, turare?

Ba laifi. Bulus a 1 Timoti 2:9 da Bitrus a wasiƙarsa ta fari sura 3 fariya da nuna arziki suke faɗa da su, wato kada adon waje ya zama shi ne dukan adon. Ba su ce a zo coci kamar an fito daga gona ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne ankon biki da na Kirsimeti da mutum zai ci bashi a kansa kuɗin makarantar yara na jira.

Mugun tunani yana zuwa min, wani lokaci har a tsakiyar Mas ko ina Rosari. Na yi zunubi kenan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wahalar da mutanen kirki, kuma amsarta ita ce jaraba daban, zunubi daban. An jarabci Yesu kansa a jeji bayan azumin kwana 40, kuma Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada shi ta kowace hanya kamar mu amma bai yi zunubi ba. Katikizim a lamba 2847 ya raba tsakanin a jarabce ka da ka amince da jarabar.

Malaman Ikilisiya tun da can suna kasa abin gida uku. Na farko tunanin ya faɗo, hoto ya gifta a kai, ba kai ka kira shi ba. Na biyu jiki ya ji daɗinsa, wannan ma sau da yawa kafin ka ankara ya riga ya faru, jiki ne. Na uku ka lura da abin da ke faruwa, ka ce bari in ci gaba, ka gyara masa zama. A na ukun nan zunubi yake. Kuma kafin zunubi ya zama babba, irin wanda ke raba mutum da alherin Allah, lamba 1857 ta ce sai abu uku sun haɗu: abin ya kasance mai nauyi, ka san sarai mai nauyi ne, kuma ka yi shi da ganganci da cikakkiyar yarda. In ɗaya ya ɓace bai kai can ba.

Dan haka ɗan'uwa in tunani ya zo maka sau goma a Mas ɗaya ka kore shi sau goma, ba ka yi zunubi goma ba, tashi ka karɓi Jikin Kristi abinka. Kuma kada ka tsaya kokawa da tunanin kana cewa ba zan tuna ba ba zan tuna ba, ƙara manne maka zai yi. Ka ce Yesu ka taimake ni, ka mai da ido kan bagadi, ka bi waƙar da kwaya ke rerawa. Akwai masu lamiri mai yawan tsoro da kome suke gani zunubi, su je konfeshon, wato furta zunubi gaban Fada, yau su koma gobe kan abu ɗaya, irin waɗannan su riƙe Fada ɗaya su bi abin da ya ce, su daina zagaye farisoshi suna neman wanda zai tabbatar musu da tsoronsu.

Mafarki fa?

Mai barci ba ya yarda da kome, dan haka babu zunubi. Sai dai ka tambayi kanka me ka kalla kafin ka kwanta.

Coci tana da jerin finafinai ko littattafan da ta haramta?

Da can akwai jerin littattafan da aka hana Katolika karantawa, Paparoma Bulus na Shida ya ajiye shi a 1966. A kan fim ma, Paparoma Piyus na 11 ya rubuta wasiƙa guda a 1936 kan silima, lokacin da Katolikan Amurka ke ɗaukar alkawari a coci cewa ba za su shiga kallon finafinan banza ba. Yau babu wani jeri daga Roma da zai ce maka wannan fim ɗin Kannywood ko na Nollywood ko wancan dogon shirin Indiya mai fassarar Hausa halal ne ko haram, kuma ko ana so ma ba zai yiwu ba, abin da ake lodawa a intanet a rana ɗaya ya fi ƙarfin kowane kwamiti. Babban taron Batikan na Biyu ya fitar da takarda kan kafofin watsa labarai ran 4 ga Disamba 1963, kuma nauyin zaɓi a wuyan mai kallo da mai sauraro da mai karatu ta ɗora shi. Wasu ba sa son wannan amsar, sun fi son a ba su jeri su huta da tunani.

To ta yaya zan gane abin da ya dace in kalla? In fim yana da zina ko kisa ko tsafi a ciki shikenan ya haramta?

Ba haka ba ne, in haka ne ai da Littafin Mahukunta ma ba za mu karanta ba. Waccan takardar ta 1963 ta yarda cewa nuna mugunta a labari zai iya sa a ƙara fahimtar ɗan adam, a ga kyan gaskiya, in dai an yi shi da kamun kai. Bambancin shi ne fim ɗin da ya nuna maka mazinaci da abin da zinarsa ta jawo wa gidansa, da fim ɗin da labarin fakewa ce kawai, kyamara tana bin jikin mace kamar shi aka zo sayarwa. Kai ma ka san bambancin, ba sai an yi maka wa'azi ba.

Sannan akwai naka raunin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da wani zai kalla ya tashi ya manta, kai zai bi ka har gado kwana uku. Ikilisiya tana koyar da cewa in ka san wani wuri ko wani mutum ko wani shiri kusan kullum shi ke kai ka ƙasa, to guje masa wajibi ne a kanka ko da ga wani ba kome ba ne, kuma a wasu addu'o'in tuba muna yin alkawarin haka da bakinmu. Yusufu a Farawa 39 bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari a hannunta ya fita da gudu. Tambayar da nake ba matasa ita ce, bayan ka kashe wayar, addu'a ta yi maka sauƙi ko ta yi nauyi, kuma yaya kake kallon 'yan matan kwaya washegari. Filibiyawa 4:8 ma ma'auni ne mai kyau, a karanta.

Kada a manta da karatu, dan akwai littattafan soyayya da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Hausa tsantsa waɗanda batsa ce zalla, babu hoto ko ɗaya amma aikinsu ɗaya.

Bidiyon batsa ni kaɗai nake kallo a ɗakina, ban cuci kowa ba. Ina matsalar?

A nan babu ya danganta. Lamba 2354 ta Katikizim ta kira shi babban laifi, kuma ta ce yana zubar da darajar kowa da ke ciki, mai yi da mai sayarwa da mai kallo. Wadda ke cikin bidiyon 'yar wani ce, kuma kowane dannawa kasuwa kake ƙara wa masu harkar. Kai ma ka cutu, dan ido yana koyo, bayan wani lokaci mace ta daina zama mutum a gabanka, matarka ta aure ma ka fara auna ta da abin da aka shirya da fitila da kyamara. A Oktoban 2022 Paparoma Faransis ya yi wa masu karatun zama Fada a Roma wannan maganar ba ɓoye-ɓoye, ya ce jaraba ce da ta kama mutane da yawa har da Fada-Fada da Sistoci, ya ce su goge abin daga wayoyinsu. Kuma ba matsalar maza kaɗai ba ce, mata suna ciki, sun dai fi jin kunyar faɗa.

Ga wanda abin ya riga ya zama masa jiki, Ikilisiya ta san ƙarfin sabo da ƙuruciya da damuwa suna iya rage nauyin laifin mutum, amma wannan hukuncin ku yi shi kai da Fada, kada ka yanke wa kanka. Abin da ke aiki kuwa ba wani sirri ba ne: wayar ta kwana a falo tana caji, ka fita daga guruf ɗin da ake turowa, ka daina sayen datar tsakar dare in ka san ba karatu kake yi da ita ba, ka samu mutum ɗaya mai hankali da zai riƙa tambayarka. In abin ya fi ƙarfinka a ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, ba rashin bangaskiya ba ne.

Waƙar duniya da rawa a biki fa?

Dauda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa gaban akwatin alkawari, Yesu kuma mu'ujizarsa ta fari a gidan biki ya yi ta a Kana. Mu da muke rawa da doya da kaji zuwa bagadi ranar godiyar kaka ba za mu ce rawa zunubi ba ce. Amma a Markus 6 rawa ce ta ci kan Yohanna Mai Baftisma. Ku saurari kalmomin waƙar, dan sau da yawa kiɗan ne ke ɗauke mu, sai ka ji yarinya 'yar shekara shida tana rera abin da in aka faɗa mata shi a magana uwarta za ta nemi bulala. Ma'aurata kuma ku zauna da mai kiɗan bikinku tun kafin ranar, ba daɗi a fito daga Mas ɗin aure da rana, da magariba a koma wani abu daban gaban iyaye.

Ni rawa kawai nake ɗorawa a TikTok, laifi ne?

Ya danganta da rawar da kuma abin da kike nema da ita. In kin lura bidiyon da kika juya baya ya fi samun masu kallo, sai kika ƙara irinsa, to kin san me ake kallo kuma kin san me kike sayarwa. Haka mai tura bidiyon tsiraicin wata da ya fita wai dan a yi Allah wadai, shi ma ya shiga ciki, ya ƙara da ɓata suna.

Bet na ƙwallo da giya?

Lamba 2413 ta Katikizim ta ce caca a kanta ba ta saɓa wa adalci ba, tana zama laifi in ta cinye abin da kai ko iyalinka ke buƙata, kuma ta yi gargaɗi cewa tana iya zama bauta. In kuɗin cefane ne ko na haya ko na makaranta, ka riga ka tsallake. Giya ma haka, sha ba zunubi ba ne, buguwa ce zunubi, kwalba ce ko ƙwaryar burkutu. Wanda ya san in ya fara ba ya tsayawa kada ya fara.

Ba gara mutum ya bar nishaɗi gaba ɗaya ba ya huta?

A'a, kuma wannan ba ra'ayina ba ne. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa rai yana gajiya kamar jiki kuma hutunsa wasa ne da raha, har ya kawo tsohon labarin manzo Yohanna da ya nuna wa wani maharbi cewa bakan da ake ja ba hutawa karyewa yake. Ya ma ce mutumin da ba ya dariya kuma yana hana wasu yi, shi ma yana da aibi. Je ka gidan kallo ka kalli ƙwallonka, dai kada ta cinye Mas ɗin Lahadi. Carlo Acutis, yaron Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, wanda aka ayyana waliyi ran 7 ga Satumba 2025, gwanin kwamfuta ne kuma yana son wasan bidiyo, sai dai ya yanka wa kansa awa ɗaya a mako. Ba a ce kowa ya yi awa ɗaya ba, amma ka taɓa duba awa nawa wayarka ta ce kana yi a rana?

Zunubi ɗaya nake ta kai wa Fada, har kunya nake ji. Akwai amfani in ci gaba da zuwa?

Akwai. Abin da ake nema a wurinka shi ne baƙin cikin abin da ka yi da niyyar bari ta gaskiya a lokacin da kake durƙushe, ba a ce ka kawo takardar shaida cewa ba za ka sake faɗuwa ba har abada. Alamar niyyar kuwa ita ce ka taɓa wani abu a zahiri, lambar waya ce ka goge, hanya ce ka canza. Fada ba zai faɗa wa kowa ba, dokar Ikilisiya ta ɗaure bakinsa ɗaurin da ko Bishop ba ya kwancewa, kuma ka yarda da ni ba kai ne na farko da ya kawo masa wannan ba. Ba sai ka ba da labari dalla-dalla ba, faɗi abin da sunansa da kamar sau nawa, ya isa. In kunyar Fadan faris ɗinku kake ji saboda ya san muryarka, je wani faris. In kuma ka san babban zunubi ne a kanka, kada ka karɓi Jikin Kristi sai ka furta, amma Mas ɗin kam ka zo, kada ka ƙara da rashin zuwa.

Mu iyaye fa, yaya za mu yi da yara da waya?

Ku fara da taku wayar, dan yawancin yara a wayar Baba ko ta Mama ko ta kawu suka fara ganin abin da bai kamata ba, an miƙa musu su kalli katun aka shiga kicin. A sa mabuɗi, a goge abin da ke ciki, talabijin ta zauna a falo, kuma shirin da aka rubuta na 'yan shekara 18 ne kada a kunna shi yara na zaune a tabarma wai ai ba sa ganewa, suna ganewa. In kuka kama yaro da wani abu kada duka ya zama farkon magana, in ba haka ba gobe zai ƙware wajen ɓoyewa ne kawai. Ku tambaye shi ina ya samu, wa ya nuna masa, dan wani lokaci amsar za ta kai ku ga wani babba da ya kamata a raba shi da yaran unguwa tun da wuri.